Mil 65,357,500 na Alfargani: nawa ke nan a ma'aunin falaki na yau?

A cikin ɗan littafin falaki mai babi 30 da Ahmad ibn Muhammad ibn Kathir Alfargani ya rubuta 'yan shekaru bayan rasuwar Halifa Ma'amun a 833, akwai wani adadi da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kwafe shi, daga Bagadaza zuwa Andalus har jami'o'in Turai. Daga tsakiyar duniya zuwa falakin taurari tabbatattu, wanda a fahimtar mutanen zamanin shi ne iyakar abin da ido ke gani a sama, mil 65,357,500 ne. Tambayar da ke gabanmu mai sauƙi ce a baki: wannan adadin, nawa ke nan a ma'aunin masana sararin samaniya na yau?

Ma'aunin da suke auna tazarar rana da duniyoyin da ke kewaya ta da shi ana taƙaita sunansa da AU, kuma asalinsa matsakaicin nisan da ke tsakaninmu da rana ne. A 2012, a taronta na Beijing, ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tsayar da shi a kan mita 149,597,870,700 cif-cif. Wannan gefen ba shi da gardama. Ka ɗauki mil ɗin Alfargani, ka mayar da su kilomita, ka raba da miliyan 149.6, shi ke nan. Ɗan sakandare ma zai yi shi da wayar hannu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya taso a Najeriya ko Ghana, da ya ji an ce mil, na Ingilishi ne zai zo masa, mai mita 1,609, wanda zai ba shi kilomita miliyan 105, wato AU 0.70. Wanda ya karanta littafin a fassarar Latin ya ɗauka mil ɗin Rumawa ake nufi, mai kimanin mita 1,480, zai tashi da kilomita miliyan 97, AU 0.65. Masanin Italiya Carlo Nallino, da ya bi diddigin mil ɗin Larabawa na zamanin Abbasiyawa, ya tsaya a mita 1,973, kuma wannan kilomita miliyan 129 yake bayarwa, AU 0.86. Wanda kuma ya bi ƙiyasin Bajamushe Walther Hinz a kan zira'in da ake kira baƙin zira'i, mil ɗinsa zai kai kusan mita 2,160, amsarsa kilomita miliyan 141, AU 0.94. Babu wanda ya yi kuskuren ninkawa ko rabawa a cikin huɗun nan, amma tsakanin ƙaramar amsa da babba akwai fiye da kilomita miliyan 44. Biyun farko kuskure ne tsagwaronsa, domin Alfargani bai san da mil ɗin Ingilishi ba, kuma ba da na Rumawa ya yi aiki ba. Biyun ƙarshe saɓani ne na gaske tsakanin masana. Kafin a iya zaɓa, sai an koma inda adadin ya fito.

Albiruni, wanda ya zo bayan kusan shekara 200, ya ba da labarin abin da ya tayar da aikin tun farko. Ma'amun ya samu a littattafan Girkawa cewa daraja ɗaya ta kewayen duniya, kashi ɗaya cikin 360, tsawonta sitadiyon 500 ne. Da ya nemi sanin tsawon sitadiyon ɗin kansa, masu fassara ba su ba shi amsar da za ta kwantar masa da rai ba. Ba laifinsu ba ne. Sitadiyon ƙafa 600 ne, amma ƙafar Atina daban, ta Olimfiya daban: na Atina yana kaiwa kimanin mita 185, na Olimfiya kimanin 192. Har gobe ana jayayya a kan Iratostinis, mai kula da ɗakin karatun Iskandariya, wanda ya ce kewayen duniya sitadiyon 252,000 ne. Da sitadiyon na Atina, kilomita 46,600 ke nan, ya wuce gaskiya da nisa. Da wani gajeren sitadiyon mai mita 157.5 da wasu marubuta ke so, kilomita 39,700 ke nan, dab da 40,000 na gaskiya. Ni dai ina zargin cewa farin jinin gajeren nan bai rasa nasaba da daɗin amsar da yake bayarwa ba.

Abin da ya burge ni a lamarin Ma'amun shi ne bai bar malamansa suna ta kwan-gaba kwan-baya a kan ma'aunin wasu mutane ba. Cewa ya yi a je a auna da namu. Wajajen shekarar 830 aka fita filin Sinjar, shimfiɗaɗɗen fili a arewa maso yammacin Iraƙi, da masana irin su Khalid ibn Abdulmalik al-Marwarrudhi, da Sanad ibn Ali, da Ali ibn Isa maƙerin usturlabi, na'urar auna tsayin rana da taurari. Suka auna tsayin rana a tsakar rana a wurin da suka fara, sannan suka rabu biyu, wasu suka nufi arewa, wasu kudu. A miƙe igiya, a kafa turke, a ɗauko igiyar a sake miƙewa daga turken, ana hangen turakun baya don kada a karkace daga layin arewa da kudu, ana ƙirgawa. Haka aka yi ta yi har aka kai inda tsayin rana ya bambanta da na wurin farko da daraja ɗaya, bayan an cire ɗan matsawar da rana kanta ke yi daga yau zuwa gobe. Riwayoyin da suka iso mana ba su haɗu a adadi ɗaya ba: akwai mil 56, akwai 56 da kwata, akwai 57, akwai 56 da sulusi biyu. Na ƙarshen nan ne ya zauna. Kowane mil zira'i 4,000 ne, ke nan an ja igiya a kan ƙasa tsawon zira'i sama da 226,000, a ƙafa, a cikin rana.

Daga nan sauran lissafi ne a kan takarda. Mil 56 da sulusi biyu sau 360 ya ba da 20,400, kewayen duniya ke nan. A raba da uku da ɗaya cikin bakwai a samu faɗinta, kusan 6,491, wanda Alfargani ya cike zuwa 6,500. Rabinsa, daga tsakiyar duniya zuwa doronta, mil 3,250. A riƙe wannan adadin, domin duk nisan da ke cikin babin da shi aka ninka.

Dalili kuwa shi ne masana falakin dā ba da mil suke auna sama ba. Tun daga Batlamiyus a Iskandariya a ƙarni na biyu, ana faɗin nisan wata da rana da sauran ne da ninkin rabin faɗin duniya, domin shi ne abin da lissafin kusurwa ke iya bayarwa kai tsaye. Wata, a mafi nisansa, ninki 64 ne da ɗaya cikin shida. Sauran kuma an fitar da su ne da wata ƙa'ida ta falsafa: babu fanko a halitta, saboda haka inda falakin wata ya ƙare nan na Uɗarid (Mercury a Turance) ya fara, inda na Uɗarid ya ƙare nan na Zahra (Venus) ya fara, haka har sama. Tun da tsarin Batlamiyus yana ba da rabon mafi kusa da mafi nisa ga kowace duniya, sai a yi ta hawa. A wajen Alfargani, Uɗarid yana ƙarewa a ninki 167, Zahra a 1,120, rana a 1,220, Mirrihi (Mars) a 8,876, Mushtari (Jupiter) a 14,405, Zuhal (Saturn) a 20,110. Bayan Zuhal sai taurari. Ninka 20,110 da 3,250, ga 65,357,500.

Adadin yana da lamba takwas a jere, yana kama da abin da aka auna har ƙwaya, alhali da Alfargani bai cike 6,491 zuwa 6,500 ba, da ya ragu da fiye da mil 90,000. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum rubuta amsarsa ta AU da lamba goma bayan ɗigo, kamar yadda manhajojin canza ma'auni suke zubowa. Irin waɗannan manhajoji za su gaya maka cewa AU ɗaya mil ɗin Rumawa miliyan 101 ne da ɗoriya, su jero ɗoriyar har ƙarshe, amma ba za su tambaye ka ko mil ɗin da ke hannunka na Rumawa ne ba.

Yanzu zira'in. Duk wanda ya taɓa ganin ana auna sawaye ko saƙi da kamu ya san kamun dogon mutum da na gajere ba ɗaya ba ne, shi ya sa mai saye ke kallon hannun mai aunawa. Daulolin dā sun san haka, sai suka yi ta ƙoƙarin ɗaure zira'i da wani abu tsayayye. A littattafan Musulmi zira'in shari'a yatsa 24 ne, yatsa kuma faɗin ƙwayar sha'ir 6 da aka jera gefe da gefe. Amma ban da na shari'a akwai zira'in 'yan tufafi, da na magina, da na auna gonaki, kowanne da tsawonsa, kuma suna canzawa daga gari zuwa gari. Alfargani ya ce nasa baƙin zira'i ne, wanda ake dangantawa da zamanin Abbasiyawa. Hinz ya ɗaure wannan zira'in da wanda aka sassaƙa a jikin ginshiƙin auna cikar Kogin Nilu da ke tsibirin Rauda a Alƙahira, ya ba shi santimita 54.04. Wannan ginin an yi shi a 861 da umarnin Halifa Mutawakkil, kuma ana danganta kula da aikinsa ga Alfargani kansa. Yana nan tsaye har yau. Nallino kuwa zira'insa kimanin santimita 49.3 ne.

Bambancinsu bai kai santimita biyar ba, faɗin yatsu biyu da ɗan wani abu. Amma santimita ɗaya a zira'i mita 40 ce a mil, kilomita biyu da kwata ce a daraja, kilomita 816 ce a kewayen duniya, kuma a falakin taurari na Alfargani kilomita miliyan 2.6 ce. Da zira'in Nallino, darajar Sinjar kilomita 111.8 ce, ta gaskiya kuwa a wannan yankin kusan 111 ce, ke nan mutanen Ma'amun ba su kauce da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da zira'in Hinz, darajar ta zama 122.5, kewayen duniya kilomita 44,100, kuskuren ya kai kashi goma.

Na fi karkata ga na Nallino, kuma ga hujjata. Albiruni ya sake auna duniya ta wata hanya dabam, daga kan wani tsauni a Nandana, cikin Pakistan ta yau. Ya auna tsayin tsaunin, ya auna yadda iyakar gani ke sunkuyawa ƙasa daga ƙolinsa, ya fitar da daraja mai kusan mil 56. Hanyoyi biyu da ba su da alaƙa, a ƙasashe biyu, da wuya su yi kuskuren kashi goma iri ɗaya. Sai dai wanda ya karɓi wannan hujjar ya san abin da ya sayar don ya saye ta. Ya yi amfani da girman duniya da muka sani yau ya tantance mil, saboda haka ba shi da damar juyowa ya ce, ku dubi yadda suka dace da girman duniya. Ba a cin biyu. Rubuce-rubuce da yawa masu yabon masanan Bagadaza, da masu yabon Iratostinis, a wannan ramin suke faɗawa: su zaɓi ma'aunin da zai sa amsar ta yi daidai, sannan su yi mamakin daidaiton. Masanan nan ba sa bukatar irin wannan taimakon. Hanyar da suka bi ingantacciya ce, kuma ita ce abin yabo.

Ɗalibin fiƙihu a Kano ko Zinder ya san wannan matsalar tun kafin ya ji sunan Alfargani. Risala ta ce ana kasaru a tafiyar barid huɗu, wato mil 48, farsakh 16 ke nan. To mil nawa ne a zira'i? Wasu malamai sun ce 3,500, wasu 4,000, wasu har 6,000, kuma ba lalle zira'i ɗaya suke nufi ba. Shi ya sa in aka mayar da shi kilomita ake jin adadi mabambanta, daga tamanin da 'yan kai har kusan 89. Wanda ya ɗauki 48 ɗin ya ninka da mil ɗin Ingilishi da ke jikin tsofaffin duwatsun hanya zai samu 77, kuma ya yi irin kuskuren da ya kusa halaka jiragen ruwa uku na Kiristofa Kolumbus a tekun Atlantika.

Littafin Alfargani ya shiga Latin a 1135 ta hannun Yohana na Ishbiliya, daga baya Gerard na Cremona ya sake fassara shi. Turawa suka san marubucin da Alfraganus, suka karɓi 56 da sulusi biyu, suka karɓi 6,500, suka karɓi 65,357,500. Abin da bai tsallaka da kyau ba shi ne zira'in. Mai karatu a Turai in ya ga mil, taku 1,000 na Rumawa yake gani, ƙafa 5,000. Muddin maganar ta nisan Zuhal ce, babu wanda wannan ya cutar. Malami a Paris ya rage wa sararin sama kashi ɗaya cikin huɗu, ya kwana lafiya.

Kiristofa Kolumbus kuwa da ransa zai gwada adadin. Ya same shi a littafin Imago Mundi na Kadinal Pierre d'Ailly, wanda kwafinsa mai cike da rubutun gefe yake ajiye har yau a ɗakin karatu na Kolumbina a Seville. A ɗaya daga cikin rubutun gefen an ce a tafiye-tafiye daga Lisbon zuwa gaɓar Gini an auna tsayin rana sau da yawa, an samu daidai da Alfraganus, mil 56 da sulusi biyu a daraja. Gaɓar da ake nufi ta haɗa da ganuwar São Jorge da Mina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, Elmina ta Ghana a yau. Rubutun gefen ya ɗora ganuwar a kan layin da ya raba duniya biyu, alhali tana arewa da shi da kimanin daraja biyar. Awon da ya kauce da daraja biyar ba zai tabbatar da tsawon daraja ɗaya ba. Ya ga abin da yake son gani ne.

Da mil mai mita 1,480, darajar Kolumbus ta zama kilomita 84 maimakon 111, kewayen duniyarsa kilomita 30,200 maimakon 40,000. Bai tsaya nan ba. A kan faɗin ƙasa daga yammacin Turai zuwa gabashin Asiya, ya bar daraja 180 ta Batlamiyus ya ɗauki 225 ta Marinus na Taya, alhali na gaskiya kimanin 130 ne. Ya ƙara wasu darajoji saboda labarin Marco Polo, ya kuma tura Japan can cikin teku gabas da Sin. Yadda masana tarihi suka sake gina lissafinsa, abin da ya rage tsakanin tsibiran Kanari da Japan mil 2,400 ne na teku, kimanin kilomita 4,400. Na gaskiya ya kusa kilomita 19,600. Masanan Sarki João na Biyu na Fotugal sun ƙi shirin, kwamitin da Hernando de Talavera ya jagoranta a Sifaniya shi ma ya ƙi shi. Ana yawan cewa wai sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Ba haka ba ne, duk wani mai ilimi a lokacin ya san ƙwallo ce. Girmanta suka yi musu a kai, kuma su ke da gaskiya. Babu jirgin zamanin da zai iya ɗaukar ruwa da guzurin kilomita 19,600. Kolumbus ya bar Kanari ranar 6 ga Satumba 1492, ya ga ƙasa ranar 12 ga Oktoba a tsibiran Bahamas, kusa da inda yake zaton Japan take. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, a wajensa. A wajen mutanen da ya tarar a tsibiran, mafarin halaka ce.

Mu koma sama. Akwai hanyar fita daga rigimar mil gaba ɗaya, kuma a ganina ita ce hanyar da ta dace ga duk wanda zai mayar da nisan falaki na dā zuwa na yau. Tun da asalin adadin ninkin rabin faɗin duniya ne, mil kuma daga baya aka lulluɓa masa, sai a cire lulluɓin. Rabin faɗin duniya mun san shi, kilomita 6,371 a matsakaici. Ninka shi da 20,110, ka samu kilomita miliyan 128, AU 0.86. Wannan ita ce amsar da zan rubuta, da lamba biyu bayan ɗigo, ba ƙari. Tana faɗin abin da tsarin Alfargani yake nufi game da girman sama, ba tare da an ɗora masa nauyin zira'in kowa ba. In kuma tambayar ita ce tsawon da shi kansa yake hangowa in ya ce mil, to sai a ce tsakanin AU 0.86 da 0.94, a faɗi zira'in da aka yi aiki da shi a kowanne.

Wannan hanyar tana da wata fa'idar. Tana raba kuskuren ma'auni da kuskuren duba sama, waɗanda in an cakuɗa su ba a gane wa ya yi daidai, wa ya kauce. Ɗauki wata. Ninki 64 da ɗaya cikin shida kilomita 408,800 ne, mafi nisan wata na gaskiya kuwa yana kaiwa kimanin 406,700. Wannan awo ne na a-zo-a-gani, an yi shi ba tare da madubin hangen nesa ba. Amma wanda ya ɗauki mil 208,542 da Alfargani ya ba wata ya ninka da mil ɗin Rumawa zai samu 308,600, ya zauna yana cewa mutanen dā sun yi kuskuren kashi 24, alhali kuskuren nasa ne. A gefe guda kuma, tsarin Batlamiyus ya ce wata yana matsowa har ninki 33 da rabi, wanda da gaskiya ne da an riƙa ganin faɗinsa ya kusa ninkawa biyu a wasu darare. Mafi kusancinsa na gaskiya wajen ninki 56 ne. Wannan aibi na tsarin ne, babu zira'in da zai gyara shi, sai da Ibn Shaɗir, mai tsayar da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙ, ya sake fasalin lissafin wata a ƙarni na 14.

Rana ce babbar matsala. Ninki 1,220 kilomita miliyan 7.8 ne, AU 0.05. Na gaskiya ninki ne kusan 23,450. An gaza da kusan sau 19, kuma ko da wane mil ka yi aiki haka abin yake, domin kashi goma ko ashirin da biyar na rigimar mil ba ya ko motsa irin wannan giɓin. Tushen kuskuren tsoho ne. Aristarkus na Samos, a ƙarni na uku kafin Miladiyya, ya lura cewa a lokacin da wata yake rabi daidai, shi da rana da duniya suna yin kusurwa mai daraja 90 a wajen wata, saboda haka in aka auna kusurwar da ke tsakanin wata da rana daga nan ƙasa za a san rabon nisansu. Dabarar ba ta da aibi. Ya ɗauki daraja 87, ya ce rana ta fi wata nisa sau 18 zuwa 20. Kusurwar gaskiya kimanin daraja 89 ce da minti 50 (minti 60 ke yin daraja ɗaya), rabon kuma kusan 390. Ido ba ya iya tantance lokacin da wata ya zama rabi daidai har ya kama irin wannan ɗan bambancin. Batlamiyus ya bi ta husufi ya samu ninki 1,210, wanda ya yi daidai da na Aristarkus, kuma ya shiga gurbin da ke tsakanin Zahra da Mirrihi kamar don shi aka bar shi. Wannan dacewar ce ta sa aka daina tuhumar adadin. Kofanikus, da ya ɗauke duniya daga tsakiya ya ɗora rana, bai taɓa shi sosai ba, Tycho Brahe ma haka. Kepler ne ya ce dole nisan ya ninka haka aƙalla sau uku.

Sai a 1672 aka gano bakin zaren. Giovanni Cassini yana Paris, Jean Richer yana Cayenne a gaɓar Kudancin Amurka, suka dubi Mirrihi a lokacin da ya matso kusa, suka auna ɗan bambancin inda kowannensu ke ganin sa a tsakanin taurari. Daga nan Cassini ya fitar da nisan rana sama da ninki 21,000, kusan kilomita miliyan 140. A lura, har shi da rabin faɗin duniya ya fara, kuma girman duniyar da ya dogara da shi Jean Picard ne ya auna shi a arewacin Faransa a 1669 da 1670, daraja ɗaya ta layin arewa da kudu, aikin Sinjar ke nan da sababbin kayan aiki. An ƙara gyara adadin da wucewar Zahra ta gaban rana a 1761 da 1769, sannan a 1961 aka harba rada zuwa Zahra aka auna lokacin dawowarta.

Da wannan sai girman giɓin ya bayyana. Duk sararin saman Alfargani, daga tsakiyar duniya har falakin taurari, bai kai nisan da ke tsakaninmu da rana ba. Ko da mil mafi tsawo a cikin huɗun nan, AU 0.94 ne, bai cika ɗaya ba. Haske, mai gudun kilomita 299,792 a daƙiƙa, zai ratsa AU 0.86 ɗin nan cikin minti bakwai da 'yan daƙiƙu, alhali daga rana zuwa nan yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 19. Ba na ganin wannan abin raini ne. Mutumin da tafiyarsa mafi tsawo ta watanni ce a kan raƙumi, aka ce masa mil miliyan 65, ya riga ya fahimci abin da Batlamiyus ya faɗa, cewa duniya ɗigo ce in aka gwada ta da sama. Abin da ya rasa kayan auna ƙananan kusurwoyi ne.

Ana iya juya lissafin a ga yadda adadin yau zai zauna a littafinsa. Da mil mai mita 1,973, AU ɗaya mil miliyan 75.8 ne, farsakh miliyan 25 da ɗoriya. Zuhal, wanda yake AU 9.5 daga rana, ya haura mil miliyan 720, sau goma sha ɗaya ke nan na inda Alfargani ya ajiye shi. Taurari kuwa ba a falaki ɗaya suke ba, kowanne da nisansa. Mafi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, yana shekarar haske 4.24, kusan AU 268,000, wanda a mil ɗin Bagadaza ya kai tiriliyan 20. Awon farko da aka amince da shi na nisan tauraro Friedrich Bessel ne ya fitar da shi a 1838 daga Königsberg, a kan tauraron 61 Cygni, bayan ya bi ɗan kaɗawar da yake yi a sama yayin da duniya ke zagaya rana, kusurwar da ba ta kai sulusin daƙiƙa ɗaya ta daraja ba. Ya ba da amsarsa da ninkin nisan rana, sama da 650,000, da kuma shekarun da haske zai yi a hanya, goma da 'yan watanni.